Bazabarme a Hannun Der, Die da Das

Bawana Bazabarme, fofo. Ko yanzu sai an ce maka Guten Tag kake amsa gaisuwa? Tun ban sauke jakata daga motar Maraɗi ba labarinka ya tarye ni a tasha. Mai shayin bakin kasuwa ya ƙara masa gishiri, da yamma kuma maiɗakinka ta tabbatar mini, tana magana tana riƙe da haɓa. Wai majon unguwarmu, mai yi wa 'ya'yanmu allura, ya shiga koyon Jamusanci. Jamus kake son tafiya aikin jinya, aka ce maka ba za a amince da takardunka ba sai harshenka ya kai matakin da suke kira B2. Matakan shida ne, daga A1 zuwa C2. Na huɗu ake nema gare ka, kai kuwa wata na biyar ke nan kana kokawa da na fari.

Tafiyar ba ta ba ni mamaki ba. Bazabarme da yawo ai kaza ce da tono, kakanninka da ƙafa suka taka har Kumasi da Ankara neman kuɗin aure. Abin da ya zaunar da ni ƙasa don dariya shi ne da aka gaya mini inda ka maƙale. Na zaci dogayen kalmomin nan nasu ne masu kama da ayarin raƙuman Bilma, ko sautin nan da ake kakaro shi daga maƙogwaro. Ashe 'yan kalmomi uku ne, kowace harafi uku: der, die, das. Alhaki ne, bawana. Alhakin Hausa ne ya biyo ka.

Bari in tuna wa masu karatu da wa muke magana. A Zabarmanci kalma guda ce, "a", take ɗauke da namiji da mace da jaki da tukunya. A kaa: ya zo, ta zo, oho, wani abu dai ya iso. Da wannan guzuri ka sauka Dakoro shekara goma sha biyar da suka wuce, har yau kuma ba ka sake shi ba. "Matana ya tafi rijiya." "Sarki ta iso." Ranar sunan ɗiyarka ta fari ka miƙe gaban jama'a ka ce yaron ta samu suna, yarinyar ya yi kama da kakansa. Sai da wanzami ya matso ya tambaye ni a kunne, don ya san irin aikin da ke jiransa nan gaba. Jinsi biyu kacal Hausa ta aza maka, ka kasa ɗauka. Faransanci ya ba ka le da la tun a lakwal, ka sha bulalar mushe a kansu har ka fita. Yanzu jakin bai gama kayar da kai ba ka je ka tsokano raƙumi.

Ga wanda bai san dawar garin ba, kowane suna a Jamusanci yana tafe da 'yar kalma a gabansa mai shaida jinsinsa. Der na namiji, die na mace, das kuma na wani jinsi na uku, ba namiji ba ba mace ba, mu ce masa ɗan ba-ruwana. Da rabon ya bi abin da ido ke gani, da ko kai ka haye. To bai bi ba. Cokali der Löffel ne, namiji. Cokali mai yatsu die Gabel, mace. Wuƙa das Messer, ba ruwanta. Su uku a faranti ɗaya, kowa da gidan ubansa. Wandon da kake sanye da shi, die Hose, mace ne, siket ɗin maiɗakinka kuwa der Rock, namiji. Fuskar majinyacin da za ka duba ma haka take: baki der Mund, hanci die Nase, ido das Auge.

Na je gidanka na gane wa idona. Wani a intanet ya ba ka shawarar lilliƙa takardu masu launi a jikin kaya, shuɗi na der, ja na die, kore na das. Gida ya koma kamar ana jajibirin zaɓe. Ƙofa da ja, die Tür. Tebur da shuɗi, der Tisch. Taga da kore, das Fenster. Ka ɗaura wa akuya jar takarda a wuya, die Ziege, ta karkata kai ta cinye, ta miƙe ta bi da koren da ke jikin taga. Ban ga laifinta ba, akuyar Bazabarme ce, ta ɗauka kopto ne, kwaɗon zogalenku. Ita kaɗai ce a gidan nan da darasin ya shiga cikinta.

Rigima ba ta tashi ba sai ranar da ka manna wa ɗiyarka kore a goshi. Uwarta ta tambayi ma'ana, kai kuma da gaskiyarka ka ce a Jamus yarinya ba mace ba ce, das Mädchen ake cewa. An ce kwana biyu ba a dama maka fura ba. Da ka zo wurin ubangijinka da na fid da kai, don abin yana da dalili. Asalin kalmar Magd ce, tsohon sunan budurwa, aka liƙa mata wutsiyar ƙanƙantawa, wato -chen, kamar yadda mu muke cewa ɗan tebur ko 'yar tukunya. Bambancin shi ne namu ɗan da 'yar suna bin jinsin abin da suka raka, tasu wutsiyar kuwa duk abin da ta taɓa sai ta mai da shi das. Kare der Hund ne, ɗan kwikwiyo das Hündchen. Kyanwa die Katze, 'yar kyanwa das Kätzchen. Nahawun wutsiyar kalma yake kallo, bai damu da mai sunan ba. In yarinyar ta girma za a ce mata die Frau, jar takardarta na nan na jiranta, in akuya ta bari.

Daga nan ka ɗauki karatunka ka kai kasuwar dabbobi, inda na ji ka tsaya kana nuna bisashen mutane da yatsa kana gunguni. Raƙumi das Kamel. Je ka gaya wa Buzun da ya koro amalensa daga kwarin Tarka cewa Jamusawa sun ce dabbarsa ba namiji ba ce. Sa'arka ɗaya, su ma abokan wasanka ne, takobin ba zai fita kube ba. Doki das Pferd, tunkiya das Schaf. Jaki ne suka bar wa mazantakarsa, der Esel, ka ga sun san na gida. Raƙumin dawa kuma, duk tsawonsa, mace suka mai da shi, die Giraffe. Ka tuna guda takwas da aka kwaso daga Kure, can ƙasarku, aka kawo Gadabeji nan arewa da mu a 2018? Sun zauna lafiya, ba wanda ya taɓa jin sun kira mace "ya". Cikin baƙin da ƙasar Zabarma ta aiko mana, su ne suka fi saurin wayewa.

To bari in sassauta, kada a ce Bagobiri ba shi da tausayin bawansa. Kana ta ƙorafi a fada wai harshen ba shi da kan gado, wai wane mahaukaci ne ya zauna ya raba wa cokula jinsi. Hausar da kake ci da ita kake sha da ita fa? Giwa mace ce a bakinmu ko da tana da haure kamu biyu, sai mun so bambantawa mu ce toron giwa. Kura mace, zomo namiji, kada namiji. Su ma Jamusawa haka suke yi, sunan dabba daban, in ana son tantancewa a ce ingarma der Hengst, goɗiya die Stute. Wa ya yanke cewa wuƙa mace ce takobi namiji? Wuta ta kama, hayaƙi ya tashi. An koya maka cewa kalmar Hausa in ta ƙare da "a" mace ce, gaskiya ne galibi, sai ga ruwa, gida, nama, suna, wata, guga, duk maza. Je bakin rijiya ka tambayi tsohuwa me ya sa rijiya "ta" ƙafe amma guga "ya" tsinke. Kallon da za ta yi maka shi ne wanda Bajamushe zai yi maka in ka tambaye shi dalilin der Löffel. Ita ba ta haddace ba, shi ma bai haddace ba, tare da nono suka sha.

Dubi kumatuna. Shida a nan, bakwai a can. Ba wanda ya yi shawara da ni ranar da wanzami ya zauna, ba kuma wani abu a halittar jariri da ke nuna adadin. Tsagar gado ce, da ita aka san gidanmu. Der da die da das tsagar kalmomi ce. Kuskurenka shi ne kana haddace kalma tsirara, Tisch, Tür, Fenster, sai ka zo magana ka tsaya kana ƙuri'ar wacce aska za ka yi mata. Ba wata kalma Tisch a duniya. Dertisch ce, numfashi ɗaya, kamar yadda ba ka raba Bagobiri da zanensa. Ka faɗe ta da ƙarfi, ka sa ta cikin jimla, ka maimaita har kunnenka ya riƙa jin zafi in aka ce die Tisch, irin zafin da namu kunnuwan ke ji shekara goma sha biyar.

Abin haushin ma, da ka kula da Hausa da ta yi maka rana. Faransancin da kake taƙama da shi ɓad da kai yake yi. Shi ya ce rana namiji, le soleil, wata mace, la lune. Jamusawa suka ce die Sonne da der Mond. Mu kuma tun kaka da kakanni rana ta fito, wata ya tsaya, kuma Larabci na bayanmu a kan wannan. Faransa ta ce tebur mace, mu da Jamus muka ce namiji. Makulli, la clé, mu da der Schlüssel namiji. Gada, le pont, mu da die Brücke mace. Madara, le lait, mu da die Milch mace. Na so in tsaya nan in ce Jamusawa Gobirawa ne da suka ɓata hanya, sai dai gaskiya ta hana. Dace ne kawai. Mutuwa a wurinsu namiji ce, der Tod, kasuwa der Markt, rijiya der Brunnen, gero kuma da muke ce wa "ya nuna" su die Hirse suke kiransa. Ranakun mako duk mata ne a wurinmu, Juma'a ta yi, Lahadi ta wuce, su kuwa daga der Montag har der Sonntag maza ne, haka ma watanni goma sha biyu. Ƙasarmu da muke cewa ta samu 'yanci a 1960, su der Niger suke ce mata. Garuruwa kuma das ne gaba ɗaya. Dakoro da muke cewa ta cika ta batse ranar kasuwa, a bakinsu ita ma 'yar ba-ruwana ce.

Akwai dai 'yan sanduna da makaho zai dogara. Kalma in ta ƙare da -ung, ko -heit, ko -keit, ko -schaft, rufe ido ka ce die: jarida die Zeitung, cuta die Krankheit, lafiya die Gesundheit, abota die Freundschaft. Masu ƙarewa da -e yawancinsu mata ne, amma su ma suna da nasu ruwa da gida: cuku der Käse, suna der Name. Sana'a in ta mace ce a ƙara -in, der Arzt likita, die Ärztin likita mace, kamar malami da malama. Sandar da za ta fi yi maka amfani a wurin aiki ita ce ta haɗaɗɗun kalmomi. Duk tsawon ayarin, raƙumin ƙarshe ke riƙe da jinsi. Das Haus gida ne, don haka asibiti das Krankenhaus. Der Wagen mota, motar ɗaukar majinyata der Krankenwagen. Die Schwester 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya die Krankenschwester. Mu a gaba muke ajiye mai gidan, mu ce gidan likita, motar likita, su a baya. Ka riƙa fara karanta kalmar daga wutsiya, abin da bai kamata ya yi wa Bazabarme wuya ba.

Na kuma ji wayon da ka ɓullo da shi a fada, wai in ka rasa sai ka ce die. Ba ka yi ƙarya ba. Masu ƙamus ɗin Duden sun ƙirga sun ce kusan kashi 46 cikin 100 na sunayen mata ne, 34 maza, 20 'yan ba-ruwana. Sai dai jarrabawar A1 maki 60 cikin 100 take nema. Wayon a ci ne, an kori kare daga gindin ɗinya.

Kuma duk wannan shimfiɗa ce. Ranar da ka gama haddace tsagar kowa, ranar za su fara rawa. Namiji in shi ke aiki der Mann ne, in shi aka gani den Mann, in shi aka ba wani abu dem Mann, in abin nasa ne des Mannes. Gurbi goma sha shida ne a allon, kalmomi shida ke zagaya su. Jam'i dai ya yi maka sauƙi, kowa die ne, kamar yadda "su" ke haɗe maza da mata a Hausa. Ga inda na ce Allah ya dube ka: in mace aka yi wa abu, die ɗinta komawa take der. Ich gebe der Frau die Spritze, ina yi wa matar allura. Der Frau! Shekara goma sha biyar kana kiran mata da sunan maza muna yi maka dariya, ashe akwai ƙasar da nahawu ya halatta maka, sai dai a gurbi biyu kawai, kada ka zarce.

Wasu kalmomin kuma tsagar ce kaɗai ke raba su. Der See tabki, die See teku. Die Steuer haraji, das Steuer sitiyari. Der Leiter shugaba, die Leiter tsani, saboda haka ka kiyayi bakinka ranar da za ka gai da shugaban asibiti. Das Tor babbar ƙofa ce, ko ragar ƙwallo. Der Tor wawa ne. In ka ji an ce der Tor kada ka waiga neman ƙofa, da kai ake.

Kada ka ɗauka kai ne farkon wanda ya yi gumi tsakanin harsunan nan biyu. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauko daga Agadas ya yada zango a Tasawa, nan cikin jiharmu, ya bi ta Gazawa da Katsina ya shiga Kano, da Hausa a bakinsa. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda ya ga Ingila ya ga Jamus. Daga bakin yaron nan wani Bajamushen, J. F. Schön, ya kwashi Hausar da ya gina littafinsa na nahawu da ita a 1862. Ka ga su suka fara zama da fitila suna tambayar me ya sa ruwa "ya" zube ƙwarya "ta" fashe. Tun 1963 kuma Muryar Jamus ke gaishe mu da Hausa, ban taɓa jin ta ce fofo ba. Wahalar da muka ba su ce suke ramawa, kuma bisa al'ada bashin ubangiji bawa ke biya.

In kana son malami na kusa, ba sai ka ƙona kuɗin salula ba. Tari 'yar Fulanin da ke kawo nono daga wajen Bermo. Harshenta rukunin sunaye fiye da ashirin gare shi, kowane da tasa 'yar kalma: saniya nagge nge, doki puccu ngu, ruwa ndiyam ɗam. Tana juya su da ƙwarya a ka, tana ba da canji, ba ta taɓa manna wa kowa takarda a goshi ba. Gaya mata uku ne suka hana ka barci ka ji dariya.

Amma je ka, majo. In ka ce die Kopf maimakon der Kopf ba wanda kansa zai faɗi. Su kansu ba su gama shiryawa ba: man shanu die Butter ne a littafi, a ƙasar Bavariya ka ji ana der Butter, kuma har yau gidajensu na gardama kan Nutella, ko der ce ko die ko das. Za su gane ka kamar yadda muka gane ka. Da "yarinya ya yi zazzaɓi" ka duba mana yara duk damina, hannunka bai taɓa rawa a kan jijiya ba, shi ya sa tsofaffin unguwa ke addu'ar das ɗin nan kada ya zauna maka ɗas, ka fasa tafiyar. Ni ban bi su ba. So nake ka tafi, don ina da lissafi.

Wasan barkwancin nan namu tsakanin ƙabilu tun 2014 UNESCO ta rubuta shi cikin gadon al'adun duniya, wato ko a filin jirgin Frankfurt na kama ka ina da hujja. Can za a buɗe jakarka a tarar da buhun busasshen zogale, jami'i ya tambaye ka mene ne, sai ka zaɓa wa kopto jinsi a tsaye, ba ni kusa balle in raɗa maka. Watan cika-ciki kuma na tafe, kuɗin sharata na bara ma ba ka biya ba. Daga bana na daina karɓar sefa, der Euro nake so, namiji ne, ka rubuta shi da shuɗi. Akuyar kuwa ka bar mini ita a gida kafin ka tashi, ta fi ka nisa a karatun.